Ƙofar da Maharazu Ya Zana

Hoton da Umair ya aiko wa mahaifinsa daga Turai ba shi da kyan gani, wannan kam ko shi Umair ɗin ba zai yi musu ba. Wani abu ne toka-toka, dogo, a murɗe, gefe da gefensa duk sun narke cikin duhu. In ka ƙura masa ido sai ka ce igiyar guga ce aka hango a ƙasan rijiya. Amma a kan wannan igiya yaron ya ƙarar da shekarun karatunsa, ita ce kuma ta ba shi digirin dakta.

Ga abin da hoton yake. A jinin kowa akwai wani sinadari, irin wanda masana ke kira furotin, aikinsa kai iska sassan jiki. A jinin mai sikila, in iskar ta yi ƙaranci, sai wannan furotin ya manne da 'yan'uwansa, su miƙe su zama zare mai tauri. Zaren ya tanƙwara ƙwayar jini, ƙwayar ta maƙale a jijiya, yaro ya kama birgima yana kiran ƙafa, yana kiran baya. Zaren nan Umair ya tafi gani, kuma ba don sha'awa ba. Yayarsa Zaituna, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta binne ɗanta Amir saboda wannan ciwo, ga kuma 'yarta Ikram tana fama da shi.

Madubin asibiti ba ya ganin abu mai ƙanƙanta haka. Na'urar da suke aiki da ita a can ta fi mutum tsawo, kuma ba da haske take gani ba, ƙwayoyin lantarki take harbawa su ratsa abin. Kafin a saka mata, sai an daskarar da ɗigon a ƙiftawar ido cikin wani sanyi da ƙanƙarar firji ba ta ko kusa da shi, don zaren ya tsaya cak yadda yake. Matsalar ita ce, abin da ake gani da shi, shi ke ƙona abin da ake son gani. In ka ƙara ƙarfi don hoto ya fito, ka toye zaren. In ka rage, sai dishi-dishi. Saboda haka sai a ɗauki dubban hotuna masu dishi-dishi, a jibga wa kwamfuta ta haɗa su, abin da ta haifa shi ne igiyar nan. Ana ganin tsawonta, ana ganin murɗarta. Ɗan gurbin da magani zai shiga ya hana mannewar kuwa, wanda shi ne abin nema, ba a ganinsa. Iyakar idon na'urar ke nan a wancan zamani, kuma duk wanda ke wannan aiki ya san haka.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, wayar hannu ba ta zo ba tukuna. In Umair zai yi magana da gida, sai ya kira tarhon wani maƙwabcin shagon mahaifinsa a kasuwar Kurmi, a ranar da aka sa. Bayan babbar salla ya kira, mahaifin nasa Alhaji Isyaku da Zaituna suna zaune suna jira.

“Wai me kuke nema ne a jikin abin nan?” Alhaji ya tambaya, yana magana da ƙarfi yadda yake yi a waya kullum, kamar muryarsa ce za ta ƙetare tekun da kanta.

“Baba, ka ɗauka gida ne. Muna neman ƙofar da magani zai shiga.”

“To kun gan ta?”

“Hoton bai fito sosai ba tukuna. Ka san a cikin ƙanƙara ake ɗaukarsa.”

Sai Zaituna ta karɓi kan wayar. Ba ta daɗe da fitowa da Ikram daga asibiti ba, muryarta a dishe. Ta ce, “Umair, yaya ake ciki?” Layi na ƙara, shi kuma ba ya son jin muryar nan haka, sai ya ce, “Saura kaɗan, Yaya. In na zo za ki ji daɗi, in sha Allahu.” Irin maganar da kowa ke yi a waya ce. Kafin ya gama saka rigar sanyinsa ya manta ya faɗe ta.

Alhaji Isyaku mai turare ne, mazaunin Kabara, kuma mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In hularka ba ta zauna ba zai tsayar da kai a hanya ya gyara maka, ko bai san sunanka ba. Da hoton ya iso ta gidan waya, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya fita da shi hasken rana. Bai yi fushi da ɗansa ba. Ya dai tuna maganar ƙanƙara, ya gane cewa tururin sanyi ne ya rufe gilashin, su kuma Turawa saboda gaggawa suka wanke shi a haka. Abin da ya lalace kuma ai kai shi gyara ake yi. Ya sa hoton a aljihun babbar riga ya nufi Yakasai, wajen Maharazu.

Duk wanda ya taɓa rashi a cikin birni ya san shagon Maharazu. In mutum ya rasu aka nemi hotonsa aka rasa, sai wani ɗan fasfo da ruwa ya ci rabin fuska, can ake kaiwa. Maharazu zai faɗaɗa shi, sannan ya zaunar da kai a benci ya fara tambaya. Yaya hancinsa yake? Yana da wushirya? Girarsa a haɗe take? Kana faɗa yana bi da siririn fensir da ɗan buroshi, har mamacin ya dawo yana kallonka, sau da yawa ma ya fi yadda yake a duniya kyau. A shekarar nan kasuwarsa ta ƙara buɗewa, don duk wanda ya ci kansila ko ciyaman yana so a cire masa furfura da kumburin ido kafin a rataye shi a ofis.

Maharazu ya ɗora tabarau, ya daɗe yana duban abin da Alhaji ya miƙa masa.

“Alhaji, wannan marigayin, ta ina fuskarsa take?”

“Ba mutum ba ne. Ciwon sikila ne, shi kansa. Yarona ne ya kama shi a na'ura.”

“Ikon Allah. To yaya kamanninsa suke?”

Nan Alhaji ya gyara zama ya ba da siffa, yadda ya ji a waya da yadda hankalinsa ya cike masa. Zare ne, ƙwaya-ƙwaya, a jere, a murɗe. A jikinsa kuma akwai ƙofa, ta nan magani zai shiga. Maharazu bai yi tambayar banza ba, don a sana'arsa wanda ya kawo hoto shi ya san mamacinsa. Ya yi aiki mai kyau, wannan gaskiya ce. Ya fito da zaren tas, ƙwayoyin a jere kamar carbi, kowacce da ɗan ƙyallinta. A tsakiya ya zana 'yar ƙofa mai lanƙwasa a sama, irin ta zauren tsofaffin gidaje, ya yi mata inuwa ta ciki yadda za ka ji kamar ka tura yatsa.

Da a zaure aka rataye shi aka tsaya nan, da da sauƙi. Amma walimar dawowar Umair za a yi, walima kuma ba ta cika ba kalanda. Aka buga. A sama ga Umair cikin rigar kammala karatu, a ƙasa ga aikin Maharazu, a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe: Hoton ciwon sikila da ƙofar maganinsa, kamar yadda Dakta Umair Isyaku ya gano. Alhaji bai iya jira ba. Tun kafin ɗansa ya hau jirgi ya raba wa 'yan layinsu a Kurmi, da tela, da mai aski, da mai shayi. Gidajen da ya san akwai yaro mai ciwon kuwa, da ƙafarsa ya kai.

Cikin damina Umair ya sauka. Ya shigo zauren gidansu da jaka a kafaɗa, zauren cike da dattawan unguwa, ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗago, sai ya yi ido huɗu da abin a bango, cikin firam mai ruwan zinare. Da farko bai gane ba. Ya ɗauka tallan masu carbi ne. Sai da ya karanta sunansa a ƙasa, sannan ya gane murɗar, don murɗar tasa ce, ya san ta kamar tafin hannunsa.

“Ka ga yadda ya fito?” in ji Alhaji, baki har kunne. “Mutanen nan naku sun iya na'ura, amma ba su iya wanke hoto ba. Sai da na kai wa Maharazu. Ga ƙofar taka nan, ɓoye take a cikin tururi.”

Dattawa suka yi ta jinjina kai. Wani ya ce Allah ya yi wa karatu albarka, aka amsa da amin.

Me zai ce? A gidan da ya tashi, ɗa ba ya gyara wa uba magana ko su biyu ne, balle a gaban mutanen da suka zo taya uban murna. Kuma tsohon nan da hannunsa ya goge gilashin firam ɗin, ana ganin sawun tsumma. Umair ya sunkuyar da kai ya ce, “Ya yi kyau, Baba.”

Washegari bayan la'asar aka yi walima a ƙofar gida. An kafa rumfa saboda hadari, an shimfiɗa tabarmi har bakin kwata, yara na rabon kalanda kamar ana rabon alawa. Umair na zaune a kujerar tsakiya cikin shaddar da aka ɗinka masa, yana jin kamar kowane mai riƙe da kalanda tsirara yake kallonsa. Mutane suka riƙa zuwa suna riƙe hannunsa da hannu biyu. Wannan ya ce ɗan ƙaninsa na da ciwon. Wancan ya ce jikarsa. Kowa ya ce ba gaggawa, in maganin ya iso dai a tuna da su. Shi kuma yana ta cewa Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba da lafiya.

Can sai ga wani malamin jami'a, wanda ya koyar da shi ilimin sinadaran jiki kafin ya fita waje. Ya zauna kusa da shi, ya buɗe kalandar a gwiwa, ya cire tabarau, ya mayar.

“Umair, wace na'ura ce ta ba ka wannan?” ya tambaya a hankali. “Ni a sanina, ko rabin wannan ba a gani.”

“Malam, an ɗan… an ɗan taɓa shi ne a nan.”

Malamin ya dube shi, ya dubi Alhaji Isyaku can yana tarbar baƙi, ya naɗe kalandar ya sa a aljihu. Da ya yi dariya ma da ya fi sauƙi. Daga nan hankalin Umair ya bar wajen. Ya shiga lissafin wa da wa zai iya kai takardar nan jami'a, wa zai iya aika ta Turai a matsayin abin ban dariya, yaya fuskar shugaban ɗakin bincikensu za ta yi in ya ga ƙofar zaure a jikin furotin, ga kuma sunansa a ƙasa. A aikinsu ba abin da ya kai zana abin da ba ka gani ba muni. Ya ji haushin Maharazu. Ya ji haushin mahaifinsa, ya kuma ji kunyar jin haushin. Da aka ba shi lasifika ya yi jawabi, ya gode wa Allah, ya gode wa iyaye da malamai, ya ce aiki na nan ana kan yi, ya zauna. Aka ce ka ji mai ilimi, ba ya cika baki.

Sai da taro ya watse ya lura bai ga Zaituna ba. Ya tambaya a cikin gida, aka ce ai jikin Ikram ne ya motsa, ka san ta da damina.

Da safe ya tafi Gwammaja. An yi ruwa da asuba, lungunan duk caɓi, yana tafe yana tattare shadda. A jakarsa akwai kwafin hoton na asali, bai ma san dalilin da ya sa ya ɗauko shi ba. Mijin Zaituna direban babbar mota ne, yana kan hanya, ita kaɗai ya tarar da yarinyar. Ta rungume shi a tsakar gida, ta ja baya ta dube shi ta ce ya rame, wai Turawa ba sa ba mutum tuwo. Sannan ta shigar da shi ɗaki.

Ikram na kwance a katifa, an naɗe mata ƙafafu da zani. Shekararta tara amma in ka gan ta sai ka ce shida, idanunta sun yi ruwan ɗorawa. A bangon da ke kanta abu biyu ne a rataye: hoton yayanta marigayi Amir cikin firam, da kalandar.

“Kawu Dakta,” ta ce, tana ƙoƙarin tashi.

“Kwanta abinki. Ina ke ciwo?”

Ta nuna gwiwa, ta nuna ƙugu. Sannan ta ɗaga hannu ta nuna bango. “Ga ƙofar can. Kullum ina kallonta. Mama ta ce in ka zo an gama allura.”

Umair ya ce, “Uhm.” Ya taɓa goshinta, da zafi rau. Zaituna ta shigo da kunu da ƙosai ta ajiye masa, ta zauna a bakin katifa tana murza wa yarinyar ƙafa.

“Yaya, me suka ce a asibiti?”

“Mun kwana biyu ba mu je ba.”

“Kwana biyu kamar yaya?”

“Tun bayan babbar salla.”

Ya ajiye kofin. “To ƙwayar ƙarin jini fa? Da ta rigakafin zazzaɓi?”

“Sun ƙare tuni. Ka san wajen nan, Umair. Ka yi sammako ka kama layi, rana ta take kana tsaye, a ɗebi jininta tana ihu, a ce ka dawo. Duk ranar da za mu je tun daren take kuka. Sai na ce tunda kana tafe, bari in hutar da ita. Na yi mata alkawari.”

Duk abin da ya haɗiye tun daga zaure sai ya taso masa. Ya miƙe, ya zuge jaka, ya zaro hoton na asali ya ɗora mata a cinya.

“Wannan shi ne aikina, Yaya. Wannan, ba wancan ba. Dube shi da kyau. Kin ga ƙofa? Babu wata ƙofa. Ba wanda ya gan ta, ni ban gan ta ba, malamaina ba su gan ta ba. Kin taɓa hawa Dala kika hango gari? Za ki ga rufin gidaje, ki ce ga Gwammaja, ga Kurmi. Amma za ki ga ramin makullin ƙofar wani? To na'urarmu daga kan Dala take kallo. Wancan na bango zane ne. Baba ne ya kwashi hotona ya kai wa mai gyaran hoton matattu, ya tsara masa abin da ya ga dama, aka buga aka raba wa gari. Yanzu ga shi saboda zanen fensir kin bar yarinya wata da watanni ba magani, cikin damina, ga sauro.”

Ya tsaya yana haki. Abin kunya, har wani sauƙi ya ji a ƙirjinsa, don ya samu inda zai sauke kayan, kuma ba a kansa ba.

Zaituna ba ta daina murza ƙafar ba. Ta dubi hoton da ke cinyarta, ta daɗe, sannan ta ɗaga kai ta dubi bango.

“Ka rage murya, kuma ka daina maganar Baba haka a gabanta,” ta ce. “Kana tsammani ban san hannun Maharazu ba? Dubi hoton Amir. Shi ya yi shi. Hoto ɗaya gare mu, na ranar salla, ya motsa kai fuskar ta goge. Ni na zauna a bencin nan na faɗa masa yadda idonsa yake. Ya zana, ya yi kyau, amma ba idon Amir ba ne. Na sani, kuma kullum ina kallo. Ranar da Baba ya kawo kalandar nan, kallo ɗaya na yi mata na ce wannan inuwar ta Maharazu ce. Na rataye ta ne don yarinya ta samu abin kallo.”

“To in kin sani, me ya sa…”

“Ba don hoto na daina zuwa ba, Umair. Kai ka ce mini saura kaɗan.”

“Ni? Yaushe?”

“A waya, a shagon maƙwabcin Baba. Na tambaye ka yaya ake ciki, ka ce saura kaɗan, in ka zo zan ji daɗi. Baba in ya faɗi abu nakan raba biyu in ɗauki rabi, don na san shi da son abu ya yi kyau. Kai kuwa tun kana yaro ba ka taɓa ce mini ka ci jarrabawa ba sai ka ci. Kai ne ka ga abin da idonka. In ban yarda da kai ba, da wa zan yarda?”

Sai a lokacin maganar ta dawo masa, da ƙarar layin, da rigar sanyin da yake sakawa. Ya nemi inda zai sa idonsa ya rasa. Ya kwana biyu yana jin kunyar tsoho mai turare da bai san iyakar na'ura ba, alhali tsohon abin da aka faɗa masa ya bi. Shi da ya san iyakar, shi da zai iya faɗin ta a lamba, shi ne ya fara zana ƙofar, da baki, tun kafin Maharazu ya fere fensir. Ya zauna a ƙasa kan leda, shaddar walima da komai.

“Yaya, ki yafe mini.”

“Bar wannan tukuna. Faɗa mini gaskiya yanzu. Shekara nawa?”

“Ban sani ba.”

“Biyar? Goma?”

“Ban sani ba, Yaya. Sai an ƙera na'urar da ta fi wannan gani, kuma ban san yaushe ba. Ko an ga gurbin ma, haɗa magani wata tafiyar ce daban. Mai yiwuwa ba ni zan gani ba.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa ya so ta yi, ko ta zage shi. “To,” ta ce. “Da haka ka ce tun farko, ai da na san abin da nake ciki.”

Ikram ta miƙo hannu ta ɗauki hoton daga cinyar uwarta. Ta kawo shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta karkata shi wajen taga, yadda kakanta ya yi.

“Kawu, ni ban ga komai ba.”

“Ni ma abin da na gani ke nan,” ya ce.

Zaituna ta tashi, ta buɗe kwalla ta ciro katin asibiti, ta yafa mayafi. “Ɗauke ta. Ƙafar ba ta takuwa, mota kuma ba ta shigowa lungun nan. Sai mun fita titi.”

Ya durƙusa, ta ɗora masa yarinyar a baya. Ba ta da nauyi ko kaɗan, zafin jikinta kawai yake ji ta cikin riga. Suka fito, Zaituna a gaba, shi a baya yana neman wajen taka ƙafa a cikin caɓi. A bakin lungu akwai tela, ya buɗe shago yana karkaɗe keken ɗinki, ga kalandar a rataye a bayansa, sabuwa fil. Yana ganinsu ya saki tsumma ya fito.

“A'a, Dakta da kansa. Har an fara aiki ke nan? Masha Allah.”

Umair ya tsaya. Akwai mutane a bencin mai shayi, duk sun juyo.

“Ba a fara komai ba, Malam. Asibiti za mu kai ta. Ba ni da magani. Abin da ke jikin kalandar nan ma ba haka yake ba.”

Telan ya yi dariya, ya juya wajen 'yan benci. “Kun ji ko? Haka ya yi jiya a walima. Masu ilimin gaske ba sa yabon kansu.” Suka ce wallahi kuwa, Allah ya ƙara basira. Wani ya ɗaga murya ya ce a dai tuna da ɗan ƙanwarsa.

Ya so ya tsaya ya sake faɗa, amma Zaituna ta riga ta yi nisa, yarinyar kuma na nishi a kunnensa. Ya san zai dawo lungun nan, da na Kabara, da layin Kurmi, ƙofa ƙofa, kuma kafin nan sai ya fara durƙusawa a gaban mahaifinsa ya faɗi abin da ya kasa faɗa a zaure. Ya gyara mata zama a bayansa ya ci gaba da tafiya.

Sun kusa titi, ana jin ƙarar motoci, sai Ikram ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

“Kawu, za a yi mini allura?”

Bakinsa ya riga ya buɗe zai ce 'yar kaɗan ce, ba za ki ma ji ba. Ya rufe shi.

“Za a yi,” ya ce. “Kuma da zafi.”

Ta ƙara ƙanƙame wuyansa, suka fita titi.